Cikin da Ya Tsaya a Hanya

Tun ranar suna Inna Larai ta kafa dokarta, kuma ba a ɓoye ta kafa ta ba. Tana zaune a tsakar gida cikin mata, jaririn a cinyarta, ta ce ita abu ɗaya ne ba ta wasa da shi: jikanta ba zai sha nonon ciki ba. Duk ranar da ta ji cewa Khairat ta yi kwanika, wani cikin ya shiga alhali wannan yana nono, a ranar za ta zo ta ɗauke yaron ta tafi da shi Sandamu, ko bai fara zama ba. Mata suka kwashe da dariya, wata ta ce ai Sagir ya kamata a ja wa kunne, don in an yi abin shi ne mai laifi. Khairat tana daga ɗaki ana gyara mata ɗaurin ɗankwali, ta sunkuyar da kai kamar yadda ake son mai jego ta yi. Kowa ya ɗauki zancen a wasan kaka da jika. Ita kaɗai ta lura tsohuwar ba ta yi dariya ba.

A faɗi gaskiya, Inna Larai ba muguwar uwar miji ba ce. Ta taɓa binne ɗa, wan Sagir, wanda ya yi ta gudawa har rai ya yi halinsa a lokacin da take da ƙaramin ciki, kuma tun daga nan babu malami ko likitan da ya isa ya cire mata daga rai cewa nononta ne ya kashe shi. Macen da ta tsufa da irin wannan a zuci ba a yi mata gardama. In ta ce za ta ɗauke yaro, to za ta ɗauke shi, kuma za ta yi ne tana ganin ceton ransa take yi.

Hafizu kuwa ɗan fari ne, don haka Khairat ba ta da bakin magana a kansa. Ba ta kiran sunansa, sai dai "yaron nan". In da baƙi a gidan ba ta yi masa wasa, in ya yi kuka sai an ce ta ɗauke shi kafin ta ɗauka, tana wani ɓata rai kamar an sa ta aikin dole. Mata suna yabonta, suna cewa goggonta ta Dutsi, wadda ta rene ta bayan rasuwar uwarta, ta iya tarbiyya. Ba su ganin abin da ke faruwa in an rufe ƙofa: yadda take shinshina wuyansa, take cusa fuskarta a cikinsa har ya ƙyalƙyale da dariya, take kallonsa yana tsotso kamar ba ita ta haife shi ba. Son yaron nan ya kusa zautar da ita, kuma duk duniya babu wanda ta isa ta gaya wa.

Sagir fataucin shanu yake yi. Ya sayo a kasuwar Mai'aduwa, ya bi mota zuwa Kudu, sai a daɗe ba a ga ƙeyarsa ba. Maganar allurar tazarar haihuwa sun taɓa yin ta sau ɗaya, a tsaye, yana zuge jaka. Ya ce in ya dawo za su je asibiti tare. Ya dawo, ya koma, ya sake dawowa, zancen bai ƙara tashi ba, ita kuma nauyin baki ya hana ta tuna masa. Ta dogara da shayarwa, har lokacin da Hafizu ya fara shan kunu ya rage tsotso, al'adarta ta dawo. Ana haka sai ga Sagir wata Alhamis babu sanarwa, ya yi 'yan kwanaki ya juya. Abin da ke tsakanin miji da matarsa ba sai an ja zancensa ba.

Tun motar da ya shiga ba ta fita Daura ba tsoro ya kama ta. Ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta Hussaina mai ɗinki, wadda ta girme ta kuma ta haifi huɗu. Sai da Khairat ta yi ta kewaye-kewaye, tana zancen zare da tsadar atamfa, kafin Hussaina ta gane inda aka dosa. Ta yi dariya ta ce wannan ai ƙaramin abu ne, akwai ƙwayar gaggawa da ake sha bayan an riga an sadu, ita ta sha ba sau ɗaya ba. An fi so a sha da wuri, amma ko yanzu ba ta ɓaci ba. Ta zura hijabi ta je kemis, ta dawo da ita ƙunshe a baƙar leda. Khairat ta haɗiye ta a tsaye a bayan ƙofa, ta jefa kwalin cikin garwashi, ta sa Hussaina ta yi mata alkawarin ko mijinta ba zai ji ba.

Bayan kamar mako guda ta ga jini. Ɗan kaɗan ne, bai kai yadda ta saba ba, amma ba ta tsaya aunawa ba tunda shi take jira. Ta ajiye salla, ta yi hamdala a zuci, ranar har waƙa ta yi wa Hafizu. Da Hussaina ta ji sai ta ce ba ga shi ba, da ma ta gaya mata. Su biyun suka ɗauka magana ta ƙare.

Da wata ya zagayo abubuwa suka fara rikicewa. Jinin ya dawo, amma ɗigo-ɗigo, baƙi-baƙi, yau ya zo gobe ya ɗauke. Ta yi wanka ta fara salla, da la'asar ta sake gani. Ta ajiye, washegari babu komai. Ta rasa ko ita mai salla ce ko marar salla, kuma wannan ya dame ta fiye da ciwon da ya fara sukar ta a mara ta gefen hagu. Kan nononta ya yi tsami, in Hafizu ya kama sai ta cije leɓe. Ƙamshin daddawa, da take so kamar me, ya fara tayar mata da zuciya. Duk macen da ta taɓa haihuwa ta san sunan wannan abu. Khairat ma ta sani, can ƙasan ranta, amma duk lokacin da tunanin ya ɗago kai sai ta danne shi da hujja biyu: ta sha ƙwaya, kuma tana ganin jini. Mai ciki ai ba ta jini.

A wannan tsakanin Inna Larai ta zo daga Sandamu da tsarabar kaka, sabon wake da gyaɗa da busasshiyar kuɓewa, ta ce za ta ɗan kwana biyu. Tun kafin ta ajiye mayafi ta karɓi Hafizu ta ɗaga shi tana auna nauyinsa da hannu, ta matsa cinyarsa, ta gwale idonsa. Yaron yana haƙori ne, ya ɗan rame. Daga nan ta juyo ta ƙare wa Khairat kallo, irin wanda tsofaffi ke yi wa mace daga wuya zuwa ƙugu ba tare da sun ji nauyi ba.

"'Yar nan, lafiyarki kuwa? Na ga kin yi wani fari."

"Lafiya lau, Inna. Ciwon mara ne kawai. Ba na ma salla."

Tsohuwar ta sauke ajiyar zuciya, ta ce to madalla, Allah ya sawwaƙe. Khairat ta shiga kicin ta jingina da bango. Ba ƙarya ta yi ba, amma ta ji a jikinta kamar ta yi.

Washegari ciwon ya hana ta tsayuwa a miƙe. Inna Larai ta jiƙa mata jar kanwa, bai yi komai ba, da hantsi ta ce a tafi asibiti. Ita ta goya Hafizu, ita ta tare napep, ita ta riƙa riƙe Khairat a duk ramin da suka faɗa. A ƙaramin asibitin unguwa, da aka kira sunan Khairat, tsohuwar ta bi ta har ciki ta zauna a kujerar gefe. Ba don sa ido ta shiga ba. A wurinta barin yarinya ita kaɗai gaban baƙuwar fuska rashin kula ne. Ga shi babu matar kirki da za ta ce wa uwar mijinta ta jira a waje.

Malamar asibitin, wata Zubaida, ta tambayi yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe. Khairat ta ce yanzu ma tana ciki. Ta tambayi ko tana yin wani tsarin tazara, allura ko ƙwaya. Khairat ta dubi yatsun ƙafarta. A gefenta tana jin numfashin Hafizu yana barci a bayan kakarsa. In ta ce ta sha ƙwaya za a tambayi wace iri, za a tambayi yaushe, za a yi gwaji, kuma in gwajin ya nuna abin da take tsoro, yaron nan ba zai kwana a Daura ba. Ta ce a'a.

Malama Zubaida ta danna marar, Khairat ta zabura. Malamar ta miƙa mata 'yar kwalba ta ce ta kawo fitsari a gwada ko da ciki. Inna Larai ta ce wane irin ciki ga mai shayarwa kuma mai jini, amma a gwada ɗin, ai ba a ƙin gwaji. Khairat ta shiga banɗaki ta rufe ƙofa. Ta daɗe a tsaye da kwalbar a hannu, fitsari cike da mararta, tana kuka marar sauti. Da ta fito ta ce ya ƙi zuwa.

Aka ba ta maganin rage ciwo, aka ce ta dawo da fitsarin da safe. A bakin ƙofa, lokacin da tsohuwar ta yi gaba neman napep, malamar ta riƙo hannun Khairat ta rage murya.

"Ban san abin da kike ɓoyewa ba, kuma ba zan matsa miki ba. Amma in kika ji jiri, ko kafaɗarki ta fara ciwo haka kawai, kada ki dawo nan. Ki wuce babban asibiti, ko me kike yi."

Nan ma dama ce, su biyu ne kawai. Khairat ta buɗe baki, sai ta ji Inna tana kiran ta daga titi, ta ce to, ta gode. Kunya abu ce mai kyau, ban musa ba, da ita aka rene mu. Amma an koya wa yarinyar nan yadda za ta yi shiru a gaban kowa, ba a taɓa koya mata a gaban wa za ta yi magana ba, kuma wannan yana ba ni haushi har yau.

Da safe ba ta koma ba. Ta ce ta ji sauƙi, maganin ya karɓe ta, har tsakar gida ta share don tsohuwar ta gani. Ta ƙudura a ranta cewa da zarar Inna ta koma Sandamu za su je ita da Hussaina a yi gwajin a asirce, duk abin da ya fito sai ta san yadda za ta yi. Ɗan lokaci kaɗan take nema, kuma a ganinta wannan bai yi yawa ba.

Wata safiya da hantsi tana zaune bakin gado tana ba Hafizu nono, wani abu ya tsinke mata a gefen mara, zafinsa ya ɗauke mata numfashi. Ta daure ba ta cire yaron ba har ya saki da kansa. Da ta kwanta don ta huta sai kafaɗarta ta ɗauki ciwo, can a ƙarshen ƙashi, inda babu abin da ya taɓa ta. Inna Larai ta ce goyo ne, yaron ya fara nauyi, ta ɗauko man zafi ta zauna tana murza mata. Khairat tana kwance tana jin hannun tsohuwar, mai ɗumi da kulawa, tana kuma jin muryar malamar asibiti a kunnenta. Gumi mai sanyi ya rufe ta. Ta ce bari ta zaga, ta miƙe, kafin ta kai ƙofa ɗakin ya juya mata.

Salatin Inna ne ya jawo Hussaina. Aka yi sa'a mijinta Mansur bai fita ba, shi ya kawo mota har bakin lungu. A hanya Inna tana gaba da yaron a cinya, Khairat tana baya, kanta a ƙafar Hussaina, leɓɓanta sun yi fari fat. Hussaina ta sunkuyo kamar tana gyara mata hijabi, ta raɗa mata cewa don Allah ta sake ta daga alkawarin nan, ta bar ta ta faɗa. Khairat ta girgiza kai. Har a lokacin, da ranta a hannun Allah, lissafinta na yaron ne.

A babban asibiti wata likita ta duba idonta da tafin hannunta, ta auna jini, fuskarta ta canza. Ta tambayi ko tana da ciki. Inna Larai ta yi caraf ta amsa, da zuciya ɗaya, cewa babu, shayarwa take yi kuma ko salla ba ta yi. Likitar ba ta ko waiwaye ta ba. Ta sunkuyo kan Khairat.

"Ke nake tambaya. Cikinki ya cika da wani abu, kuma ina tsoron jini ne. Akwai yadda za a yi a ce kina da ciki?"

Hussaina tana tsaye a ƙarshen gado, bakin hijabinta a tsakanin haƙora. Hafizu ya farka a bayan kakarsa, ya leƙo ta kafaɗarta yana miƙo wa uwarsa hannu. A nan ne Khairat ta ga abin da ta ƙi gani duk kwanakin nan: in ta ci gaba da shiru ma Sandamu za a kai shi, sai dai a matsayin maraya.

"Na sha ƙwayar gaggawa," ta ce, idonta a silin. "Bayan zuwan babansa. Tun daga nan jinin bai daidaita ba."

Da ma likitar ta riga ta aika a yi gwajin. Amsar Khairat jira kawai ta rage mata. Inna Larai ta dubi Khairat, ta dubi Hussaina, ta sa hannu ta ƙara tamke goyonta. Aka yi hoton ciki, likitar ta yi musu bayani a gurguje: ciki ne, amma bai isa mahaifa ba, ya tsaya a siririn bututun da ke kai shi can, ya girma a wurin har ya fasa shi. Jini yana zuba ta ciki, tiyata za a yi yanzu. Aka samu Sagir a waya yana tsakiyar kasuwar shanu, ya ce a yi duk abin da za a yi, ga shi nan a hanya. Mansur ya naɗe hannun riga ya ba da jini. Abu na ƙarshe da Khairat ta gani ana tura ta shi ne bayan Inna, da 'yan ƙafafu biyu suna lilo a ƙugunta.

Da ta farfaɗo rana ta yi sanyi, Hussaina ce a kanta tana yi mata fifita. Maƙogwaronta a bushe, ta tambayi ina yaron nan. Hussaina ta yi ta gyara zanen gado kafin ta amsa. Ta ce Inna ba ta motsa daga ƙofar ɗakin tiyata ba sai da likita ta fito ta ce an ci nasara. Inna ta faɗi ta yi sujada a kan siminti, ta yi kuka kamar ƙaramar yarinya. Daga nan ta miƙe da yaron a baya ta nufi tasha, ko kayanta ba ta koma ɗauka ba. Ta ce yaron ya sha nonon ciki fiye da wata, ba za ta ƙara masa ko kwana ɗaya ba.

Washegari likitar ta zo zagaye, ta ce an cire bututun hagu, na dama lafiyarsa ƙalau, za ta iya haihuwa in Allah ya kawo. Khairat ta tambaya a hankali ko ƙwayar ce ta jawo mata.

"Ba zan ce miki ita ta jawo ba," in ji likitar. "Ba kullum take hanawa ba, balle in an makara. In ta kuskure, cikin yana iya sauka a mahaifa, yana iya tsayawa a hanya. Abin da ta yi miki shi ne ta sa kin saki jiki, jinin da ta kawo kuma ya rufe miki ido."

Ta ƙara da cewa duk wadda ta sha ta, in al'ada ta rikice ko mara ta yi ciwo, gwaji ya kamata ta yi ba jira ba; da an kama shi da wuri, da wataƙila ba a kai ga fashewa ba. Nono kuwa ba shi da laifin komai, da ciki ko babu ciki. Ta ce a kawo yaron ya ci gaba da sha.

Sagir ya iso da ƙurar hanya a jikinsa, ya zauna a bakin gadon ya daɗe yana kallon robar ƙarin ruwa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi ɗin da ya fi mata sauƙi. Ya tambaya ne kawai ko shi ma ba ta iya gaya masa ba. Ta ce ai shi ya ce in ya dawo za su je asibiti. Ya sunkuyar da kai, don ya tuna. Da ta gaya masa abin da likita ta ce game da nono, ya fita waje ya kira Inna, ya dawo jiki a sanyaye. Inna ta ce likita ba ta taɓa binne ɗa ba. Ya ce wa Khairat ta yi haƙuri ta warke tukuna, sauran zance mai sauƙi ne. Mutumin da ke iya kayar da bijimi da igiya ɗaya, ga shi ya kasa ja da tsohuwa a waya.

Nonon ya cika ya yi tauri, zazzaɓinsa ya haɗu da na ɗinki. Malaman asibiti suka ce in tana so kada ya ƙafe ta riƙa tatsewa. Ta riƙe wannan magana kamar farilla. A asibiti, da kuma bayan an sallame ta, safe da rana da yamma tana zaune da kofi tana tatsa, Hussaina tana karɓa ta zubar a magudana ba tare da ta kalle ta ba. Goggonta da ta zo jinya daga Dutsi ta ce ta bar wahalar da kanta, a nemo mata maganin ƙafar da shi. Khairat ta ce to, ta ci gaba da abinta. Wannan ne kaɗai abin da ya rage a hannunta.

Ranar da ta ji za ta iya zaman mota, ta ce wa Sagir ya kai ta Sandamu. Ba roƙo ta yi ba, kuma ya ji hakan a muryarta, ya je ya aro motar Mansur. An gama girbi, gonaki sun yi fayau, sai tarin kara a gefen hanya. Duk gargadar da suka shiga sai ta dafe ɗinkinta.

Inna Larai ta tare ta tun daga ƙofar ɗaki, ta riƙe fuskarta da hannu biyu tana dubawa, idonta ya cika. Ta shimfiɗa mata tabarma, ta sa mata filo a baya, ta zauna kusa da ita.

"Da kin gaya mini, 'yar nan."

"Da na gaya miki da kin ɗauke shi, Inna."

"Da na ɗauke shi," in ji tsohuwar. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma da ban zauna ina murza miki kafaɗa kina mutuwa a hannuna ba."

Khairat ta ce cikin ya fita, likita ta ce nonon lafiyarsa ƙalau, kuma ba ta bari ya ƙafe ba. Ba ta taɓa yi wa uwar mijinta magana mai tsawon wannan ba. Inna Larai ta kawar da kai gefe, ta ce ga shi nan ai, ɗanta ne, ta gwada.

Hafizu ya fito daga bayan turmi yana dafa bango. Ya yi ɓul-ɓul, haƙoran sun fito, an yi masa aski. Ya tsaya yana kallon ta kamar baƙuwa, sannan wani abu ya faɗo masa, ya saki bangon ya rarrafo da gudu ya faɗa jikinta. Ta ɗauke shi a gaban kowa, ta manta da ɗinki, ta manta da kunyar ɗan fari, ta shige ɗaki da shi. Ta ɗaga riga.

Yaron ya dubi nonon, ya damƙe baki. Ta matso da shi, ya banƙare ya tsandara ihu yana ture ta da hannu biyu. Ta juya shi ɗaya gefen, haka. Ta tatso kaɗan ta shafa masa a leɓe, ya goge da bayan hannu yana tofarwa. Daga bakin ƙofa Inna Larai ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce kwanakin farko ya ƙi barci ya ƙi abinci, sai kukan nono, har ta ji tsoron zai shiɗe. Ta riƙa ba shi nata don ya yi shiru, daga baya ta shafa maɗaci a kai don ya haƙura. Haka ake yi, in ji ta, ita ma haka aka yi mata.

Baƙin cikin da Khairat ta ji a lokacin ya fi na yankan da aka yi mata. Babu wanda za ta riƙe a zuci ta ji sanyi: tsohuwar tsoro ne ya sa ta, ita ma tsoro ne ya sa ta. Ta sauke rigarta. Yaron da aka yaye a hannun kaka kuwa a hannun kaka yake zama, kowa ya san wannan, ba sai an faɗa mata ba.

Inna Larai ta shigo da kofin kunun gyaɗa da ƙaramin cokali, ta ajiye a gefenta ta fita. Khairat ta zaunar da Hafizu a cinyarta ta share masa hawaye, ta ɗebo kunun ta hura. Ya wangale baki tun cokalin bai iso ba. Gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, ba ta ko duba ba. Daga zaure Sagir ya aiko cewa rana ta yi, gara su kama hanya kafin magariba saboda jikinta. Ta ce a ce masa bari yaron ya ƙoshi tukuna. Daga nan ta riƙa rage abin da take ɗebowa a cokalin, don kada kofin ya ƙare da wuri.